Tantin da zai kwana a ƙanƙara, ya yi bazara a Sakkwato

Ana saura kwana biyar ƙaramar salla, a azumin 2024, ƙanena ya bugo mini waya daga Marrakesh ta ƙasar Maroko inda yake karatu. Ko gaisuwar kirki bai gama ba ya ce, "Yaya, ka fara shiri. Fabrairu mai zuwa za mu hau dutsen Tubkal, kuma a waje za mu kwana, ba cikin masauki ba." Na ce Allah ya kai mu. Ina ajiye wayar na nufi sito, na jawo tsohon tantina daga bayan buhunan gero, inda na cusa shi fiye da shekara biyu.

Sai da na yi da gaske kafin ya warware. Fallen ya manne da juna kamar an shafe shi da ƙaro, hannuna duk ya yi danƙo. Wani farin abu kamar amosani yana zubowa daga cikinsa, siririyar ledar da aka liƙe bayan ɗinki da ita kuma ta ɗago tana lilo kamar saɓar maciji. Warin kuwa ba a magana, sai ka ce nonon da ya kwana uku a rana. Uwargida ta leƙo daga madafa, ta toshe hanci da gefen mayafi. "Malam, wanga abu ai ya ruɓe. Don Allah hidda muna shi waje, muna azumi."

Ni aikin safiyo nake yi, kwanan daji ba baƙona ba ne. Amma namu kwanan dajin na tabarma da gidan sauro ne, a gindin kalgo ko cikin ajin firamare na ƙauye. Hawan dutse daga baya ya same ni, sanadin wani aiki da ya kai ni Taraba. Wannan tantin da ya ruɓe shi na ɗauka zuwa Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, mita 2,419, can kan iyaka da Kamaru. A kasuwa na saye shi, araha ta ja ni. Daren farko lafiya lau. Dare na biyu, wajen ƙarfe biyu, iska ta taso, sai na ji ƙas! Sandar fayiba ta tsage a tsaye kamar rake, tsininta ya huda rufin. Sauran daren a zaune na yi shi, hannu ɗaya yana tokare da rufi, ina jiran asuba. Da na dawo gida haushi ya sa ko shanya shi ban yi ba, na naɗe na jefa sito.

Tubkal wata duniya ce daban. Mita 4,167 ne, ba dutsen da ya kai shi a Arewacin Afirka, yana cikin tsaunukan Atlas na Maroko. Ana tashi a ƙafa daga ƙauyen Imlil, a wuce hubbaren Sidi Shamharush mai farin dutsen nan, a isa masaukan masu hawa a wajen mita 3,200. Sakkwato kuwa duka-duka kusan mita 300 take sama da teku, kuma duk mita dubun da mutum ya hau, ma'aunin zafi kan sauka da wajen digiri shida da rabi. A Fabrairu ƙanƙara ce ta rufe wurin. Na tambayi ƙanena me zai sa mutum ya bar ɗaki mai katifa ya kwana a waje. Ya ce shi da abokansa Ararat suke hari nan gaba, dutsen Turkiyya mai mita 5,137, inda a tanti ake kwana, kuma gara su koyi kwanan ƙanƙara a wurin da in abu ya ɓaci ƙofar masauki tana nan kusa. Na ga hankali a maganar. Muka raba aiki: jagora da abinci nasa, tanti nawa.

A shagunan intanet na fara cin karo da rabon da Turawa suka yi wa tantuna: na yanayi uku da na yanayi huɗu. Na yi murna, na ce ai mu ma huɗun gare mu, rani, bazara, damina, kaka, ashe tanti ɗaya ya ishe ni shekara. Kwana biyu ina kan wannan fahimta kafin in gane na huɗun nasu lokacin dusar ƙanƙara ne, kuma tantin da aka yi dominsa, in ka kafa shi a Sakkwato a watan Afrilu, tanda ka gina wa kanka. Bambancinsa da saura a jiki yake. Sandunansa na alminiyam ne masu kauri, ba fayiba ba, don fayiba sanyi na sa ta gautsi. Rufin waje yana sauka har ya taɓa ƙasa, kada iska ta shigo da ƙanƙara ta ƙarƙashi. Ɗakin ciki yadi ne sosai, ba ragar gidan sauro ba. Jikinsa cike yake da kunnuwan ɗaura igiya, gefensa kuma a zube yake yadda ƙanƙara za ta zame maimakon ta taru ta danne shi. Da na san haka, rabin tantunan da aka rubuta wa "yanayi huɗu" a intanet sai suka faɗi da kallo ɗaya: ga raga har rabin bango, ga rufi ya tsaya taƙi guda sama da ƙasa.

Akwai kuma wata tambaya da na ɓata mako ina yi, wai wane tanti ya fi ɗumi. Tanti ba bargo ba ne. Iyakar abin da zai yi maka ya tare iska, ya riƙe nauyin ƙanƙara, ya ƙara maka 'yan digiri kaɗan a kan na waje. Ɗumi yana wurin jakar barci da shimfiɗar da ta raba bayanka da ƙasa. Wanda ya zuba kuɗinsa duka a tanti ya kwanta a kan siririyar tabarma, zai kwana yana kaɗa haƙora a cikin ɗaki mai tsada.

Daga nan na buɗe littafi irin wanda nake rubuta awon fili, na ja layuka. Abin da ya fara ba ni wahala nauyi ne, don kowane tanti lamba biyu ake rubuta masa. Ƙaramar lambar ta rufi da ɗaki da sanduna ce kawai. Babbar ita ce ta gaskiya, wadda ta haɗa turaku da igiyoyi da jaka, wato abin da bayanka zai ɗauka. Masu talla ƙaramar suke bugawa da manyan haruffa. Ni babbar na riƙa kwafewa. Nauyin kuma ba wasa ba ne a hanyar Tubkal lokacin sanyi, don alfadarai iyakarsu inda ƙanƙara ta fara, daga nan kaya sun koma bayan mutum. Manyan tantunan da ake kafawa a sansanin dogayen duwatsu, irin su Trango 2 na Mountain Hardwear da Mountain 25 na The North Face, kowanne ya kai kilo huɗu. Ƙarfi kam ba a magana, amma na soke su tun farko. Mu kwana biyu za mu yi, ba wata guda a Himalaya ba. Na ja wa kaina layi a kilo uku.

Wanda ya fi jan raina shi ne mai falle ɗaya. Ba ɗaki daban, ba rufi daban, yadi ɗaya ne tsakaninka da sama. Firstlight na Black Diamond, alal misali, wajen kilo ɗaya da rabi ne, ka cusa shi a jaka ka manta da shi. Na kusa cewa shi ke nan. Abu biyu suka tsayar da ni. Na farko raɓa. Numfashin mutum biyu a rufaffen wuri sai ya sami inda zai sauka, kamar yadda tururi ke taruwa a murfin tukunya. A mai falle biyu, tururin kan ratsa yadin ciki ya je ya kwanta a rufin waje. A mai falle ɗaya kuwa a saman fuskarka yake daskarewa, iska na kaɗa bango yana zubo maka. Na biyu, irin wannan tantin an yi shi ne don busasshen sanyi na ƙololuwar dutse, ba don ruwan sama mai daɗewa ba. Ni kuma ba mai kuɗin sayen tanti biyu ba ne. Wanda zan saya dole ya koma Mambila da ni, inda hadari ba ya sallama.

Saura biyu ke nan, mai ƙubba da wanda ni na sa wa suna kwalbati. Mai ƙubba sandunansa gicciye suke da juna, yana tsayawa da ƙafarsa ko ba a kafa turke ba, iska ta kowace fuska ta zo ya shirya mata, kuma ya fi ɗaukar nauyin ƙanƙara. Kwalbati sanduna biyu ne ko uku a lanƙwashe, a jere, ba su taɓa juna. Ya fi faɗin ciki a kan nauyi kaɗan, amma in ba ka ja shi gaba da baya ka ɗaure ba, a ƙasa zai zube kamar wanki. Kuma yana son a juya wa iska ƙeyarsa. A kamfanin Hilleberg na Suwidin, wanda Bo Hilleberg ya kafa a 1971, na sami misalin kowanne: Jannu mai ƙubba, kilo 3.2, da Nallo 2 kwalbati, kilo 2.4. Giram ɗari takwas tsakaninsu. A takarda ba komai ba ne, amma ɗauki kwalbar ruwa ka hau bene da ita sau ɗari ka ji.

Nan wata magana ta shigo da ban ga kowa ya rubuta a shafukan da na karanta ba: salla. Tsayin cikin irin waɗannan tantuna wajen mita ɗaya ne, ba zancen tsayuwa. In guguwa ta hana fita, a zaune za a yi. To a ina mutum zai zauna kansa bai tokari rufi ba? A mai ƙubba tsakiya ce. A Nallo wajen ƙofa ne, don rufinsa gangarawa yake zuwa wajen ƙafafu. Ga shi kuma iska ce ke zaɓar inda tantin zai fuskanta, ba alƙibla ba. Na sa ƙanena ya je shagon Decathlon a Marrakesh, inda akan kafa wasu tantuna don gwaji, ya kira ni ta bidiyo. "Shiga wancan. Zauna kamar za ka yi tahiya. Juya gefe. Yi sujada." Yana yi yana ƙunƙuni, "Yaya, mutane hwa na kallona." Amma da wannan na gane cewa faɗin santimita 130 ya ishi mutum ya juya ta kowace fuska a zaune, muddin ɗayan ya takure ya jira. Salla bi da bi ke nan. Na kuma ƙudurta cewa dole tantin ya zama yana da zaure a bakin ƙofa, inda za a ajiye jiƙaƙƙun takalma da buta, a kuma dafa shayi ƙofa a buɗe. Girki a cikin rufaffen tanti da kunna janareta a ɗakin barci duk kisa ɗaya suke yi, kuma mu nan mun san gidajen da hayaƙin gawayi ya yi wa ɓarna a daren hunturu.

Duk wannan lissafin na dutse ne. Wata rana da azahar ina zaune a zaure, kwano na ƙara don zafi, sai warin tsohon tantin nan ya faɗo mini a rai. Iska ce ta karya shi a Chappal Waddi, gaskiya ne, amma ba iska ce ta ruɓar da shi ba. Sito ne. Duk tantin da zan saya, in ya yi yawa mako biyu zai yi a kan dutse a shekara. Sauran mako hamsin ɗin a Sakkwato zai yi su, garin da ma'auni ke haura 40 a bazara, sannan damina ta biyo da laima. Masu rubuta sharhin tantuna a Turai da Amurka ba su da wannan damuwa, shi ya sa ba su cika tsayawa a kanta ba. Ni kuwa ita ce ta yanke mini hukunci.

Na koma na karanta abin da ake shafa wa yadi don ya hana ruwa. Yawancin tantuna, musamman masu araha, wani sinadari ne da ake rubutawa PU, ana shafa shi ta ciki, a bi ɗinkin da leda a liƙe. Yana aiki, amma laima da zafi suna cin sa a hankali har ya koma danƙo ya yi wari, kuma in an naɗe tanti da jiƙa an jefa ɗakin kwano, an ba shi duk abin da yake buƙata don ya lalace da wuri. Wato rabin laifin nawa ne. Ɗayan kuma silikon ne. Nailan da aka shafe da silikon ciki da waje ba ya wannan ruɓewar, ya fi wuyar yagewa, kuma leda ba ta kama shi, saboda haka ba abin da zai ɗago daga baya. Aibinsa tsada, ga shi in ya jiƙe ko ya sha sanyi yakan saki, sai an fita an ƙara ja igiya. Na bi littafina da jan biro. Duk wanda rufinsa PU ne na soke, har da wasu da nauyinsu da farashinsu suka yi mini daidai. Jannu ya riga ya haura layin kilo ukun da na ja, sai na tsaya a kan Nallo. Rufinsa yadi ne da suke kira Kerlon 1200, silikon ta fuska biyu, sandunansa masu kaurin milimita 9. Shimfiɗar ƙasansa dai PU ce, kamar kusan kowane tanti, amma wannan na ce zan iya kula da ita.

Sai farashi. Sabo ya haura dala 800, a lokacin da dala take wajen naira 1,500. Na buga lissafi a waya, na ga fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, na kife wayar. Ko a gida ban faɗi wannan lambar ba. Mafita ta zo ta hannun wani abokin karatuna da ke aiki a Ingila. Ya ce can mutane kan sayi irin wannan kaya su yi tafiya biyu su gaji su sayar. Muka yi mako uku muna duba na hannu. Kowane mai sayarwa tambayoyi iri ɗaya nake aika masa ta bakin abokina: a ɗauko hoton shimfiɗar ƙasa ta ciki a kusa, a shafa a gaya mini ko tana kama hannu, a jera sanduna a ƙasa in ga ko akwai wadda ta karkace, a ja zif daga farko har ƙarshe a bidiyo. Launi ma na duba, don rufin da ya koɗe rana ta riga ta ci ƙarfinsa. Biyu suka gaji da ni suka daina amsawa. Na uku wani dattijo ne da gwiwa ta hana shi hawa, ya amsa komai har da abin da ban tambaya ba. Tantin ja ne, kuma na so hakan, don a farin fili ja ake hangowa. Kuɗin ya zo ƙasa da rabin na sabo. Duk da haka sai da na sayar da tsohon babur ɗina.

Wani ɗan unguwarmu da ya zo babbar salla ya taho mini da shi. Washegari na saƙale shi a kafaɗa na shiga kasuwa wurin rundawa, na roƙi wani mahauci da muke mutunci ya ɗora mini a sikeli. Ya juya jakar yana kallo. "Alhaji, mi ag ga ciki?" Na ce ɗaki ne. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ɗora. Allura ta tsaya kaɗan ƙasa da kilo biyu da rabi. Ya ce cinyar rago ta fi ɗakina nauyi.

Gwajin gaskiya hadarin farkon damina ne, irin wanda ke yaye kwanon mutane. Ƙarshen watan Yuni, da la'asar, gabas ta yi baƙi ƙirin. Na ɗauki tantin na fita wani fili a bayan unguwa, na juya ƙeyarsa gabas, na zura sanduna, na kafa turaku, na ja igiyoyi. Abin da na fara so a jikinsa shi ne ɗakin ciki a maƙale yake da rufi, tare suke tashi, ba sai ka kafa ɗaki ruwa na dukan sa kana neman rufi ba. Na shiga na zauna. Jar ƙura ta fara isowa, sannan iskar. Sanduna suka rusuna suka miƙe, suka rusuna suka miƙe, ban ji ɗar ba. Can sai bangon baya ya faɗo mini a ƙeya. Turakun baya biyu sun tuge daga yashi kamar an zare allura daga tuwo. Na fito cikin ruwa ina rarrafe ina riƙe da igiya, na tuna daren Chappal Waddi, na ce ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Akwai wani Buzu da ke gadin wani kango a gefen filin, dattijo, mutumin wajen Agadas. Yana rakuɓe a rumfarsa yana kallon duk abin da nake yi. Da ruwa ya tsagaita ya tako, ya ɗauki turken ya juya shi a hannu. Ya ce, "Malam, wannan tsinken sakace ne. Yashi ba ya riƙe tsaye, a kwance ake ba shi." Ya samo guntun icce kamar kamu ɗaya, ya ɗaura igiyar a tsakiyarsa, ya tona rami da hannu, ya kwantar da iccen a gicciye, ya binne ya taka. Ya ce in ja. Na ja har igiya ta shata mini tafi, ko motsi. Ya ce haka suke yi a hamadar Tenere, kuma a saman dutsen Bagzan ya sha ganin ruwan buta ya daskare da asuba, saboda haka kada in ɗauka sanyi sai ƙasar Turawa. Da na koma ga karatuna sai na tarar masu kwana a ƙanƙara dabarar ke nan da suke yi: a binne turke a kwance, ko a cika 'yar jaka da ƙanƙara a binne ta.

Icce nauyi ne, kuma a mita 3,200 ba bishiya. Na yanko wuraren da suka rage da ƙarfi a jikin tsohon tantin nan, na wanke su, na kai wa telan unguwarmu. Na ce jakunkuna takwas nake so, kowace kamar tafin hannu biyu, da madauri mai ƙarfi a tsakiya, ɗinki riɓi uku. Ya tambaye ni ko na layu ne. Na gwada su a yashin gulbin Rima bayan ruwa ya ja, na cika su na binne, suka riƙe tsaf. Takwas ɗin gaba ɗaya ba su kai nauyin wayata ba.

Da hunturu ya shigo na koma wani atisaye. Kowace asuba bayan salla sai in sa safar hannu mai kauri, in kafa tantin a tsakar gida da tocila a goshi, in kwance, in sake. A ƙanƙara ba a cire safa don ɗaura igiya, yatsu ba sa yafewa. Ranar farko minti goma sha tara na yi, ina ta faɗa da zif, har na ɗaura wa kowane kan zif ɗin guntuwar igiya yadda safa za ta kama. Kafin ƙarshen Janairu na sauko minti shida. Yara suka mayar da abin kallo, ƙaramarsu ta riƙa ƙirga mini da ƙarfi, tana tsallake lambobi in ta ga na kusa gamawa.

Mun isa wajen masaukan Tubkal da la'asar sakaliya, mu da jagoranmu, don tun ƙarshen 2018 ba a barin kowa ya hau ba jagora, kuma akwai shingen jami'an tsaro a hanya da ke dubawa. A Imlil muka yi hayar ƙarafan takalmi masu haƙora da gatarin ƙanƙara, tukunyar gas ma can ƙanena ya saya, tunda jirgi ba ya ɗaukar ta. Muka tattake fili da ƙafa har ya daddale, muka binne jakunkunan tela, jagoran ya tsuguna ya ja ɗaya ya gyaɗa kai. Da dare iska ta gangaro ta kwarin, kuma ba ta tsaya a fuskar da muka zata ba. Wajen ƙarfe ɗaya ta juyo ta gefe, bango ya riƙa marin kafaɗar ƙanena. A wannan sa'ar na yi kwaɗayin mai ƙubba, ba zan ɓoye ba. Na fita sau biyu na ƙara ja igiya, sau ɗaya kuma na bubbuge rufi daga ciki don ƙanƙarar da ta kwanta a kai ta zame. Ma'aunin da jagora ya rataya a waje ya nuna 11 ƙasa da sifili. Da asuba rufin waje ya yi fari fat ta ciki da daskararriyar raɓa, ɗakin da muke kuwa a bushe. Butar da muka manta a zaure ta zama dutse. Muka narka ƙanƙara a tukunya muka yi alwala da ruwan ɗumi, na yi salla a zaune wajen ƙofa, ƙanena ya takure a ƙurya yana jiran layinsa.

Na dawo Sakkwato ana saura 'yan kwanaki azumi. Kwana uku tantin ya yi a shanye a inuwar zaure, ina juya shi, har na tabbata ko a cikin ɗinki ba sauran laima. Ban mayar da shi 'yar matsattsiyar jakarsa ba. Uwargida ta ba ni tsohuwar rigar katifa ta auduga, na zuba shi ciki sako-sako, sanduna daban. Ɗakin da ya fi kowane sanyi a gidan na Inna ne, tsohon ginin ƙasa mai rufin azara da muka ƙi rushewa. Na shiga da ƙunshin na durƙusa na gaishe ta, na ce ajiya na kawo. Ta dube shi, ta dube ni. "Wanga shi na ɗakin da kas sai da babur dominai?" Na ce shi ne. Ta nuna mini ƙarƙashin gado da bakin carbi, ta ce in tura shi can ciki, bayan kwallayenta, kada jikoki su gani.